Sunan da Ban Taɓa Kiranka da Shi Ba

Ƙofar Kware,
Sakkwato.

Zuwa ga ɗana Haliru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko a cikin jirgi ka buɗe ta ko bayan ka sauka Bulgariya, ƙasar mahaifiyarka. Allah ya kai ka lafiya, ya sada ka da kawunka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin mutane, da sharrin abin da zuciya take saƙa wa mai ita. Na ba ƙanwarka Nana ta sa maka ita cikin jaka domin na san halina. Da na zaunar da kai don mu yi maganar nan baki da baki, ƙarshenta in tambaye ka ko ka sayi rigar sanyi, ka ce ka saya, mu tashi.

Ka dubi sunan da na rubuta a sama. Ka haura talatin, amma ban taɓa kiranka da shi ba, ko sau ɗaya. Sunan mahaifina ne na sa maka, kuma kai ne ɗan fari, kunya ta haɗu mini biyu. A gidajenmu idan aka yi haka sai a nemo wa yaro laƙabi mai daɗi, a ce Abba, ko Baffa, ko Mai Sunan Malam. Kai ba a samu damar nema ba. Ranar suna yayata, Gwaggonka Hure, ta buɗe zanen da aka lulluɓe ka, ta rangaɗa guɗa ta ce, "Kai jama'a, wanga ai Bature na! Ku dibi kunnenai ja wur!" Mata suka fashe da dariya, shi ke nan suna ya zauna. Ni kuwa sai na ji an sauke mini nauyi, na samu abin da zan riƙa kiranka da shi ba tare da na taɓa sunan Malam ba. Ina taƙama ina yin alkunya irin ta mutanen kirki, ashe kullum safiya ina tsayawa a tsakar gida ina gaya wa ɗana shi baƙo ne. Mahaifiyarka Lena ce kaɗai take cewa Haliru, da harshenta mai nauyi, har Gwaggo tana toshe kunne wai surukar zamani ba ta san kunya ba. Tun da ta rasu ban ƙara jin sunan a cikin gidan nan ba sai a bakin mai kawo takardar wuta. Don haka shawarata ta farko ƙarama ce. Duk inda ka shiga, ka faɗi sunanka da kanka kafin wani ya raɗa maka nasa. Idan sun kasa furtawa ka maimaita musu, su koya, ba mutuwa za su yi ba.

Akwai kuma maganar aski. Za ka tuna wanzamin nan da yake zama gindin dalbejiya kusa da masallacin unguwa, inda nake kai ka kowace Juma'a a yi maka ƙwal. Kana ƙin zuwa, ina jan hannunka ina cewa tsafta ce. Ba tsafta ba ce. Sumarka ce nake ɓoyewa, don idan ta ɗan fito sai ta kwanta luf, mata su tsayar da kai a hanya suna shafawa kamar ɗan akuya. Na ɗauka idan babu sumar za a bar ka ka huta. Da wannan tunanin dai na hana mahaifiyarka yi maka harshensu. Na ce mata yaro zai ruɗe, a bar shi ya zama Basakkwace sosai. Ta yi gardama, na yi mata tsawa, ta haƙura. Kwanakin baya na wuce ƙofar ɗakinka na ji kana maimaita gaisuwar Bulgariya bayan wata murya a cikin waya, kana tuntuɓe da kalmomin da ya kamata a ce da nono ka sha su. Na koma zaure na zauna. Ni ne na yanke maka wannan rabin da hannuna, kuma rabin da na bar maka mutanensa ba su karɓe ka gaba ɗaya ba. Ka koyi harshen, kada ka ji kunyar kuskure. Sumar kuma taka ce, ka tara ta in ka ga dama, ko da yake na san Gwaggo za ta ce ka zama ɗan ƙwallo idan ta ga hoto.

Wata rana, kana aji uku ko huɗu na firamare, ka dawo daga makaranta ka iske ni a zaure da baƙona Bagobiri, ga wani Bayarabe mai gyaran rediyo, suna ta yi wa juna tsiya kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, ana dariya har da hawaye. Bayan sun tafi ka matso ka ce, "Baba, ni su wa na abokan wasana?" Na ce me kake nufi. Ka ce, "Kowa shina yi min wasa, ni ban san wa zan rama ma ba." Na yi dariya na ce ai kai ka ji daɗi, duk garin abokan wasanka ne. Wallahi har na riƙa ba abokaina labarin a matsayin wayon yara. Sai da na tsufa na gane abin da kake tambaya. Wasan da muke yi tsakaninmu yana da daɗi ne domin kowa yana da inda ya tsaya, ka jefa a jefo maka, a rabu ana 'yan'uwa. Kai kuwa jifa kawai kake sha. Yara suna binka suna waƙar Bature, mai tumatir yana ninka maka kuɗi a kasuwa yana dariya, malamin Islamiyya yana tsayar da kai gaban aji ya ce ku ji kunya, Bature ma ya fi ku hadda. Duk wanda ya yi sai ya ce wasa ne, ni kuma in ce maka ka daina zuciya. Na koya maka yin murmushi a kan abin da yake ci maka rai, ka kuwa iya, har ka fi kowa iyawa. To yanzu ina warware wannan karatun. Wasan da ba ka da ikon ramawa ba wasa ba ne. Ka ce ba ka so, da fuska a sake ko a ɗaure, kuma ba sai ka yi wa kowa dogon bayani ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da yake jiranka, wanda ya kamata in gaya maka tun ranar da ka fara maganar tafiya. Kana zaton can za ka huta. Na ga yadda kake kallon hotunan kawunka kana neman hancinka a fuskarsa. Haliru, a can ba Bature ba ne kai. Ranar da ka sauka za ka zama baƙin mutum. Ni na zauna a can lokacin da na je karatun likitan dabbobi. Na ga tsohuwa ta kama hannuna a cikin mota ta murza da yatsa ta duba ko zai goge. Na ga an tashi daga kujerar da na zauna. Na kuma ga mutanen kirki, irin kakarka da ta ciyar da ni kafin ta san zan ɗauke mata 'ya, ta saƙa mini safar hannu don ta ga yatsuna suna tsagewa. An ce zamani ya canza, Allah ya sa. Amma ni a wancan lokacin ina da abin da nake riƙewa. Duk wulaƙancin da na sha sai in ce a raina, ku yi ku gama, ina da garin da idan na shiga kasuwa babu mai ɗaga kai ya dube ni. Kai ban ba ka wannan ba, kuma ban taɓa zama na yi tunanin yadda mutum yake rayuwa babu shi ba. Na dawo gida na ninke labarin wancan zaman na ajiye, ina ba ku na ƙanƙara da na jirgin ƙasa kawai, don kada a ce na sha wuya. Da na ba ka na gaskiya, da ka san ubanka ma ya taɓa zama abin kallo, da wataƙila ka kawo mini naka. Kada ka je neman ƙasar da za ta ce kai nata ne ɗari bisa ɗari, za ka gaji. Ka nemi mutane, ko biyu ne, waɗanda idan ka shigo ɗaki kai suke gani. Akwai 'ya'yan ɗalibai irina da aka haifa a can, su ma an yi musu tambayar da aka yi maka, ta ɗaya gefen. Ka neme su ka zauna da su.

Sai babbar maganar, wadda saboda ita na ɗauki alƙalami. Ka san ina nufin shekarar da ka kulle kanka a ɗaki. Ba zan ambaci sunan yarinyar nan ta Runjin Sambo ba, tana ɗakin mijinta, Allah ya ba su zaman lafiya. Amma ni na je neman auren, ni na zauna a kan tabarmarsu, da kunnena na ji baffanta yana cewa, "Alhaji, yaro dai babu laihi garai, mun bincika. Sai dai ka san ruwa biyu na. Dangin uwa hwa? In anka haihu, mi za mu ce ma ɗiyan?" Na san amsar, ina da ita a bakina. Amma sai na sunkuyar da kai na ce Allah ya zaɓa mafi alheri, na sa takalmina na fito, wai kada a ce na yi rashin dattako. Da na dawo ka tare ni a soro ka ce, "Baba, mi sunka ce?" Na ce ba rabonka ba ce, ka yi haƙuri. Ka dube ni, na san ka gane, ka kuma gane ban ce musu komai ba. Nana farar fatarta ta jawo mata manema har muna kora, kai taka ta sa aka tuna da asali. Ban kare ka ba ranar, kuma baƙin cikin wannan da shi zan shiga kabari.

Bayan nan ka daina zuwa aiki, ka daina cin abincin kirki, ka daina fitowa ko sallar jam'i. Ni da na yi shekaru ina duba dabbobin mutane, ina gane saniya ba ta da lafiya tun daga yadda ta ware daga garke, na kasa gane ɗana. Na ce lalaci ne. Na tsaya bakin ƙofarka na ce namiji ba ya kwanciya saboda mace. Maƙwabta suka ce jinin Turawa ne ya motsa, su ba su da tawakkali, na ji ban musa ba. Gwaggo ta ce iska ce, aka kawo mai ruƙiyya, aka yi hayaƙi har tufafinka suka ɗauki wari. Kana zaune kana kallonmu kamar daga bayan gilashi. Ranar da ka ce mini, "Baba, na gaji da zama mutum," na ce ka yi istigfari, na juya na tafi masallaci. Nana ce ta jiyo, ita ta zauna bakin ƙofar tana kuka har ka buɗe, ita ta tsayar da mai keke ta kai ka wurin likitan ƙwaƙwalwa ba da sanina ba. Da na ji, abin da ya fara zuwa raina shi ne wa ya gan ku kuna shiga asibitin. Ka ji irin uban da Allah ya ba ka. Daga baya likitar ta kira ni ta ce ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar hawan jini, kuma da an ƙara jinkiri da wata maganar ake yi yanzu. Na fito na zauna cikin mota.

To ka saurare ni da kyau, domin duk sauran maganganun idan ka manta babu komai, ban da wannan. Ciwon nan yana iya dawowa, likita ta faɗa, kuma ƙasar da za ka tana da watannin da rana ba ta fitowa sosai, ga kaɗaici. Kana sauka, kafin ka nemi aiki, kafin ka nemi inda ake sayar da shinkafa, ka nemi likita ka nuna masa bayanin da aka ba ka. Kada ka daina shan magani don ka ji sauƙi. Kada wani ya ce maka rashin imani ne, ko da rawani ya zo maka. Ka yi sallarka ka sha maganinka, babu wanda yake korar wani. Ka gaya wa kawunka gaskiyar abin da ya same ka tun farko, don ya san abin da zai lura da shi. Idan ka ga ka fara rufe ƙofa, ka fara jin abinci kamar ƙasa, kada ka jira ya yi nisa. Ni tsorona ba ƙanƙara ba ce, ba kuma masu zagin baƙar fata ba ne. Tsorona murmushin nan naka ne, wanda ni na koya maka, ka riƙa turo mana hoto kana dariya alhali kana nutsewa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi yi mini nauyi. Lokacin da ciwon mahaifiyarka ya tsananta kana ɗan shekara goma sha, za ka tuna Hausa ta gudu daga bakinta. Matar da ta iya ciniki a kasuwa har tana yi wa mahauta tsiya, ta koma ba ta jin komai sai harshen da aka haife ta da shi. A duk Sakkwato ni kaɗai nake gane ta. Ranar Larabar nan da la'asar, a asibiti, ta riƙe hannunka ta yi magana mai tsawo tana kallonka, tana tsayawa tana numfashi tana ci gaba. Ka juyo ka ce, "Baba, mi tac ce?" Gwaggo tana zaune, ga ma'aikaciyar jinya a tsaye. Na ce, "Ta ce ka yi karatu, Allah shi yi ma albarka." Na ga ka yi mamakin yadda doguwar magana ta zama gajeriya, amma ba ka sake tambaya ba. Ba ƙarya nake son yi maka ba. Kalmomin ne suka fi ƙarfin bakina, irin waɗanda uba ba ya faɗa wa ɗan fari a gaban yayarsa. Na ce a raina zan gaya maka idan mun kaɗaita, sai ta rasu washegari, sai zaman makoki, sai shekaru suka yi ta wucewa ina ɗagawa.

Ga abin da ta ce, kuma ban rage ba. Ta ce in gaya maka tun ranar da aka miƙa mata kai ba ta taɓa duban fuskarka ta ga rabin wani abu ba. Ta ce tana jin mutane suna rarraba ka, wannan na uwa, wannan na uba, ita kuwa a ranar nan yaro guda ta haifa kuma cikakke ta haife shi. Ta ce ka yafe mata da za ta tafi ta bar ka da wannan fuskar a garin nan. Ta ce tana sonka, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Daga nan ta juyo gare ni ta ce, ka faɗa masa da Hausa, tun da ita kaɗai ka bar masa. Sannan ta ce, ka gaya masa kai ma kana sonsa, na san ba za ka faɗa don kanka ba, to ka faɗa a matsayin saƙona.

Na riƙe maka wannan amanar tsawon lokacin da ka fi bukatarta. Lokacin da kake kwance a ɗakin nan kana ganin babu mai son ka a duniya, tana cikin bakina, ina tsaye a bayan ƙofa ina yi maka faɗa. Ban san ko ana yafe irin wannan ba, kuma ba zan matsa maka ba. Amma na isar yau. Na ƙarshen kuma ba saƙonta ba ne kaɗai. Ina sonka, Haliru. Tun kana cikin zanen goyo nake sonka, kunya ce ta sa na yi ta zagaye.

Ban ce ka dawo don ni ba. Idan ka samu natsuwa a can ka zauna, ka yi aure inda aka karɓe ka da mutunci, ni dai in ji kana raye kana lafiya. Idan kuma can ta ƙi, ɗakinka yana nan, babu mai cewa ka kasa, wanda ya ce kuma wannan karon zai ji amsa daga bakina. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da duhun nan ya dawo, ka kira ni. Ba sai ka shirya abin faɗa ba, ba sai ka ce lafiya lau ba. Ko ba za ka iya magana ba ka bar wayar a buɗe, zan zauna in riƙe tawa a kunne, ba zan yi wa'azi ba, ba kuma zan kashe ba sai kai ka kashe.

Gwaggonka tana gaishe ka. Tun da aka sa ranar tafiya take kuka tana cewa wa zai riƙa kai ta asibitin ido, ta kuma daka maka yaji mai yawa, ka karɓa ko da za su ƙwace a filin jirgi. Nana za ta yi maka nata bankwanan da kanta. Ka gaishe mini da kawunka, ka ce masa ina ba shi amanar ɗaya daga cikin biyun da suka rage mini na 'yar'uwarsa. Idan ya kai ka kabarin kakarka ka tsaya ka gaya mata ko kai wane ne.

Allah ya tsare gabanka da bayanka. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba ka barci mai daɗi da abokan zama na gari. Allah ya jiƙan mahaifiyarka. Allah ya sa in sake jin muryarka, kuma ya sa ka gaya mini gaskiya idan na tambaye ka yaya kake.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.